Kawu da Marayunsa Saba'in da Ɗaya

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, muna zaune a ofis ana gardamar wanda ya bar butar shayi a kunne har ta ƙone, sai wayar Manaja ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya saurara, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Kafin ya buɗe baki mun gane. Kawu, Allah ya karɓi abinsa bayan jinyar kwana goma sha biyu. An yi maka sutura bayan azahar, kuma jama'ar da ta taru ta sa maƙwabtanka suna tambayar juna ko dama da wani babban mutum suke zaune ba su sani ba.

Yau kusan wata guda ke nan. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da irin nauyin da ya dace da ita. Sau huɗu ina farawa ina yagewa, domin duk abin da na tuno game da kai sai ya zo da dariya a goye. Daga ƙarshe na haƙura. Wanda ya san ka zai yi mini uzuri.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu ɗaki biyu ne a hawa na uku, da fanka ɗaya mai aiki da ɗaya ta ado. Muna kula da rumbun manhajojin kyauta, inda makarantu da ɗakunan karatu da ƙananan asibitoci suke ɗebowa su sa a kwamfutocinsu. Ba mu muke rubuta manhajojin ba. Wasu ne can suke rubutawa, su ajiye rubutun asali a shafinsu na intanet, mu kuma mu ɗauko mu harhaɗa, mu ƙunshe, mu jera. Rubutun asalin nan shi muke kira tushe. In akwai tushe, ko manhaja ta lalace za a buɗe a gyara, ko kwamfutoci sun canza zamani za a sake harhaɗa ta ta dace da su. In babu tushe, kamar mota ce da aka yi wa murfin inji walda: tana tafiya, amma ranar da ta tsaya babu bakaniken da zai iya leƙa cikinta.

Masu rubuta manhaja kuwa 'yan Adam ne. Wani ya gaji, wani ya sami aikin da ya fi, wani ya yi aure, wani ya riga mu gidan gaskiya. Wata rana sai ka je shafin da ka saba ɗauko tushe ka tarar ana tallar katifa. Irin waɗannan manhajoji mukan ce sun zama marayu, kuma dokar ofis a kansu a fili take: a yi sanarwa, a jira kwana casa'in, in tushe bai fito ba kuma babu wanda ya karɓi riƙo, a share.

Sharewar nan ita ce aikina. Ranar da na kama aiki, shekara tara da suka wuce, Manaja ya kai ni teburinka don mu gaisa. Ka tambaye shi abin da zan riƙa yi, ya gaya maka, ka dube ni ta saman tabarau ka ce, “To, sannu da zuwa, Tsintsiya.” Sunan ya bi ni har gida. Yau ko mijina in yana neman tsokana da shi yake kirana. Kai kuwa kowa Kawu yake ce maka, har Manaja da ya girme ka da shekara biyu. Da muka san maiɗakinka sai muka sa mata Gwaggo, duk da mun san tsarin dangi bai ba da haka ba.

Teburinmu suna fuskantar juna, kuma shekara tara ina rubuta sanarwar sharewa kana rubuta ƙorafi a ƙarƙashinta. Duk manhajar da na sa wa wa'adi, rana ta tamanin da tara sai in ga sunanka ya bayyana a gurbin mai riƙo. Akwai wadda ba ta da wani aiki sai nuna siffar wata a kusurwar allo. Ka ce akwai wani mai gadi a wani ɗakin karatu da yake dubawa. Na ce ban yarda ba, ka kawo mini lambar wayarsa. Durowar teburinka ta ƙasa ba ta rufuwa saboda tsofaffin faya-fayai, irin waɗanda sababbin ma'aikata suke ɗauka abin ɗora kofi ne. Kullum maganarka ɗaya, da tsohuwar zuma ake magani. Na taɓa ce maka wata zumar ta tsufa har ta zama kwalta. Ka rubuta maganar a takarda, ka sa sunana a ƙasa, ka manna a bango inda baƙi za su gani.

In kuwa ka rasa yadda za ka yi har ka yarda a share, ba ka barin a share haka kawai. Sai ka rubuta layi uku a kundin ofis: an haife ta shekara kaza, ta yi wa mutane kaza hidima, ta bar ƙanne biyu. Manaja ya hana, ya ce kundi ba wurin wasa ba ne. Ka ci gaba da rubutawa, shi kuma ya ci gaba da karantawa in ya ga ba kowa.

Ba zan manta watana na uku ba, ranar da na share manhajar da ba ita ba ce. Harafi ɗaya ne ya bambanta sunayensu, kuma wadda na share ita ce take buga katin marasa lafiya a asibitoci goma sha. Waya ta fara shigowa a kan waya. Ka jawo durowar nan da ƙafa, ka zaro kwafi, cikin minti ashirin ka mayar da ita. Da Manaja ya fito yana neman wanda ya yi wannan aika-aika, ka ce, “Gwaji muke yi, mu ga ko akwai masu amfani da ita. Akwai.” Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk lokacin da na yi maka gorin durowa, kakan ɗan taɓa ta da ƙafa ka ci gaba da aikinka.

Amma abin da nake so 'ya'yanka da jikokinka su sani shi ne labarin manhajar makafi, domin a nan ne na san ko kai wane ne, kuma a nan ne ka fi ba ni wahala.

Wata ƙaramar manhaja ce da take juya rubutu ya zama ɗigo-ɗigon da makafi suke shafawa su karanta, sannan ta tura shi ga wani tsohon injin bugawa. Tun kafin in zo take a rumbu, ba ta taɓa damun kowa ba. Shekara uku da suka wuce aka zo sabunta rumbun gaba ɗaya, sai ta ƙi tashi a sabon tsari. Na je neman tushe, na tarar shafin ya ɓace tun shekara shida ba wanda ya lura. Na aika wa mai ita saƙo, saƙon ya dawo mini. Ko a durowarka babu tushen, harhaɗaɗɗiyar kawai ka ajiye. Na sa wa'adi.

Kwana uku da sanarwa wata mata ta hawo benenmu da sanda, ita kaɗai. Ta gaya mana matakalarmu sittin da biyu ne, kuma ta ashirin da bakwai ta gutsure, abin da mu masu ido ba mu taɓa lura da shi ba. Shugabar makarantar makafi ce. Ta zauna ta yi bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Injinsu ɗaya ne, kamfanin da ya ƙera shi ya rufe, kuma babu wata manhaja da take jin yarensa sai wannan. Tsohuwar kwamfutar da take ɗauke da ita ta fara suma tana farfaɗowa, sai an tokare ta da littafi an kunna mata fanka. Ɗalibai arba'in da ɗaya za su zauna jarrabawar fita nan da mako goma sha ɗaya. In injin ya yi shiru, sai dai a karanta musu tambayoyi da baki, har da na lissafi.

“Wace ce mai sharewar?” ta tambaya.

Ka ce, “Ta ɗan fita, Malama.”

Ta juyo daidai inda nake zaune ta ce, “To wannan da ta daina numfashi a gefen nan fa?”

Na ba ta haƙuri, na gaya mata gaskiya, cewa ko ban share ba manhajar ba za ta tashi a sabuwar kwamfuta ba in babu tushe. Ta ce to a nemo tushen, da irin muryar da ake aiken mutum shagon bakin layi. Ka ce za a nemo. Bayan ta sauka na tambaye ka a ina. Ka ce ai da ka sani da ba nema ake kiransa ba.

Kwana huɗu ka yi kana tankaɗe cikin harhaɗaɗɗiyar manhajar, har ka tsinci layi biyu da mai ita ya binne: lambar tsohuwar wayar kan tebur, da godiya ga “maƙwabcina mai gyaran agogo da ya ara mini teburinsa”. Lambar yanzu ta wani shagon aski ce. Mai askin ya ce shi bai san kowa ba, amma gaskiya akwai wani tsoho mai gyaran agogo a bayan layinsu. Ka je ka kai masa agogonka mai lafiya ƙalau ya gyara, don a sami hanyar hira. Agogon bai sake tafiya daidai ba, amma ka dawo da kwatance. Mai manhajar ya bar harkar kwamfuta, ya koma wani gari mai nisan awa huɗu yana kiwon tattabaru.

Manaja ya ce in raka ka, don a sami mai hankali a tafiyar. Gwaggo ta ce ba za ta bar ka ka tuƙa awa huɗu da waɗannan idanun ba, ta karɓe makulli. Haka muka tafi mu uku ranar Asabar, ita tana tuƙi, kai kana ba ta kwatance, ni ina baya da taswira ina gyara kwatancen a hankali yadda ba za ka ji ba.

Mun same shi a tsakar gida da kwanon hatsi, dogo siriri, tattabaru har a kafaɗarsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta rufe. Daga baya ya gaya mana ya ɗauka wata ɓarna manhajar ta yi aka zo kama shi. Ya ce shi bai taɓa riƙe kwamfuta ba, wani mai kama da shi ne muke nema, kuma ya ji an ce ya rasu. Na miƙe ina shirin sallama. Kai kuwa ka gyara zama, ka ce Allah ya ji ƙansa, sannan ka juyo wurina kamar hira muke.

“Dama ba wani abin kirki ba ne,” ka ce. “Duk wanda ya rubuta ta bai san aikinsa ba. Dubi yadda ya tsara lambobi, kamar an watsa wa kaji tsaba.”

Mai tattabaru ya ajiye kwano.

“Malam, ka san girman ƙwaƙwalwar kwamfutar wancan zamani? Ka taɓa cusa haruffa da lambobi da alamomin lissafi a wurin da bai kai tafin hannu ba? Wata bakwai na yi a kan lambobin nan.”

Gwaggo ta ce, “Allah ya ƙara wa mamaci lafiya.”

Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmi. Sannan ya ba mu labari. Domin ƙanwarsa ya rubuta manhajar, lokacin da ta rasa ganinta, kuma tun da ta rasu bai sake iya kallon rubutun ba. Bai san akwai mai amfani da ita ba. Da ka gaya masa makaranta guda ta shekara ashirin tana karatu da ita, ya cire hula ya daɗe yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a can. Faya-fayansa ruwa ya cinye su tuni. Amma shi mutum ne da bai taɓa yarda da faifai ba, don haka ya buga tushen a takarda, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, ya sa a akwatin ƙarfe. Akwatin yana ɗakin tattabaru. Kuma da aka yi sanyi bara, ya buɗe ya ɗebi na sama-sama ya shimfiɗa musu a sheƙa.

Kawu, na ga mutane suna aiki saboda Allah, amma ban taɓa ganin dattijo mai shekara sittin da ɗaya, da farar riga, a durƙushe cikin ɗakin tattabaru, yana ɗaga uwa daga kan ƙwai yana ba ta haƙuri yana zaro shafi na goma sha bakwai ba. Mun tsira da ɗari huɗu da biyar. Bakwai sun riga sun zama abin da ba a faɗa. Kafin mu tashi ka sa ya rubuta da hannunsa cewa ya yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, ni da Gwaggo muka sa hannu a matsayin shaidu. Ya ba ka tattabaru biyu kyauta. Gwaggo ta tuƙa awa huɗu da tagogi a buɗe. Bayan mako ɗaya tattabarun suka tashi suka koma gidansu. A duk tarihinka su kaɗai ne aka ba ka riƙo suka gudu.

Saura mako tara. Tawada ta koɗe, ga tambarin da tattabaru suka buga a kusan kowane shafi. Na'urar ɗaukar hoton rubutu ta karanta shafi ɗaya ta fito da sambatu. Dole a sake bugawa da hannu. Mu huɗu a ofis muka raba, da yatsu bibbiyu, kwana biyu muka yi shafi talatin. A nan ne Gwaggo ta tuna mana cewa shekara talatin ta yi tana buga keken rubutu a kotu kafin ta yi ritaya. Ta zo da matashinta na jingina da filas ɗinta, ta kore ka daga kujerarka, ta kafa doka ɗaya: ba a tsaya mata a kai. Ba ta san ma'anar ko layi ɗaya ba, amma yatsunta kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Kwana takwas ta gama.

Muka harhaɗa, kwamfuta ta yi ta jero kurakurai har ta gaji ta daina ƙirgawa. Ka duba, ka sake dubawa, ka tura hula ƙeya. Ashe Gwaggo a shekara talatin ba ta taɓa barin rubutun banza ya wuce ta gabanta ba. Ta sa babban baƙi a farkon kowane layi. Inda mai tattabaru ya gajarta kalma ta cika masa. Inda ya rufe layi da wata baƙuwar alama ta mayar da aya, kamar yadda aka koya mata.

“Hajiya,” ka ce a hankali, “garin gyaran gira...”

“Malam, kada ka ƙarasa. Mutum ya yi rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada, na rufa masa asiri, kuma ni ce da laifi?”

Ka ba ta haƙuri a gabanmu, ka ce laifin malaman mai tattabaru ne. Washegari ta dawo ta sake farawa, wannan karon da kowane kuskure a mazauninsa, tana yi wa kowanne tsaki. Na ƙirga tsaki ɗari biyu kafin azahar na bari.

Shafuka bakwai ɗin da suka salwanta kai ka rubuta su. Sai ka ba tsohuwar manhaja rubutu ka ga abin da ta fitar, ka yi ta gwadawa har sabuwar ta fitar da irinsa. Ka kira mai tattabaru ya taimaka, ya ce shi yanzu hatsi kawai ya sani. A saman naka ka rubuta: “Daga nan zuwa layi kaza ba hannun mai ita ba ne, nawa ne. Wanda ya ga shirme ya san inda zai kai zagi.”

Saura kwana goma sha biyu muka ɗauki sabuwar kwamfuta muka kai makarantar. Ɗakin injin ƙarami ne, yana warin mai da takarda. Inji ya kama ƙara kamar maƙera goma sun haɗu, shafi ya fito. Malama ta ɗora yatsu ta bi layi-layi, mu kuma muna kallon fuskarta. Ta kai ƙarshe, ta koma sama, ta shafa kusurwar dama, ta sake shafawa.

“Rubutu ya yi,” ta ce. “Ina ɗigon?”

“Wane ɗigo, Malama?”

“Na kusurwa.”

Ka yi murmushin wanda ya yi gwaninta, ka bayyana mata cewa tsohuwar manhajar tana da wani kuskure, tana jefa ɗigo ɗaya na banza a kusurwar sama ta kowane shafi, kuma ka gyara shi ba tare da an roƙe ka ba. Malama ta ajiye takardar. Ta ce shekara ashirin ke nan da ɗigon nan ɗalibanta suke gane saman takarda da ƙasanta. Shi ne abu na farko da ake koya wa ɗan aji ɗaya: nemi ɗigo, sa shi a dama, sannan ka fara karatu. In babu shi, rabin 'yan jarrabawa za su ɓata lokaci suna karanta tambaya a kife.

Gwaggo, wadda ta kawo mu, tana tsaye a bakin ƙofa. Girarta kawai ta shafa da ɗan yatsa, ta fita ta jira mu a mota.

Kwana huɗu ka yi kana koya wa manhaja yin kuskure da gangan, domin kuskuren da ya zo da kansa ya fi komai wuyar kwaikwayo. A samansa ka rubuta da manyan baƙaƙe: “WANNAN KUSKURE NE. KADA A GYARA.” Ɗalibai arba'in da ɗaya suka zauna jarrabawa kowa da takardarsa a hannu. Washegari na cire sanarwar sharewa, ka yi mini alheri ka yi kamar ba ka gani ba.

Daga wannan ne aka canza doka. Duk manhajar da za ta shiga rumbu, a ranar za mu ajiye kwafin tushenta a wurinmu, wuri biyu, tare da takardar izinin mai ita. Shekara da shekaru kana faɗin haka a kowane taro ana duba agogo. Manaja ya sanar da ita a matsayin tunanin da ya zo masa a hanyarsa ta zuwa aiki, kuma kai ne ka fara tafa masa.

Na je duba ka asibiti ranar Lahadi da la'asar, kwana biyu kafin rasuwarka. Ka rame ƙwarai, muryarka sai an sunkuyo. Ka tambaye ni ko na share wani abu da ba ka nan. Na ce ban share ba. Ka ce, “Ashe kina da kunya.” Bayan wannan ka yi wa 'ya'yana addu'a da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba ka ɓata ko ɗaya ba. A zaman makoki na ga Malama da malamanta, na ga mai tattabaru ya yi tafiyar awa huɗu ya zauna a ƙarshen tabarma yana share ido da hula, na ga mutanen da ban taɓa sani ba sai a lambobin wayar da kake kawo mini. Kowa da labarin ranar da ka fid da shi kunya ba tare da ka bari ya sani ba.

Kwamfutar ofis ba ta san mutuwa ba. Da ka cika kwana talatin ba ka amsa saƙo ba, ta aiko mini da sanarwa kamar yadda aka tsara ta: mai riƙo ba ya amsawa, manhajoji saba'in da ɗaya suna jiran hukunci. Na yi yini guda ban buɗe ba. Da na buɗe ta farko, na tarar da wani rubutu a ciki da ban san da shi ba, mai kwanan watan bara, an sa masa “Ga wanda zai gaje ni”. Layin farko: “Tsintsiya, na san ke ce.” Kowace cikin saba'in da ɗayan tana da nata: inda tushe yake, wa yake amfani da ita, a wane lokaci yake ɗaukar waya, wace ce mai taurin kai, wace ce ba a taɓawa ranar da za a tafi hutu. A ta ƙarshe ka jera guda goma sha uku ka rubuta: “Waɗannan babu mai amfani da su, na bincika. Tun tuni kina da gaskiya. Hannuna ne ya ƙi. Ki share, amma kada Manaja ya ji na ce kina da gaskiya.”

Ka yafe mini, Kawu, yanzu Manaja zai karanta. Hamsin da takwas ɗin na sa sunana a gurbin mai riƙo, abokan aiki biyu sun yi alkawarin rage mini. Goma sha ukun kuwa suna nan. Sau biyu Manaja yana tambayata, ina ce masa ina kan bincike. Shekara tara ina neman ka faɗi wannan magana, ka faɗa a rubuce, kuma kullum in na kai yatsa sai in tuna ina da wani aiki a ɗaya ɗakin.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sa duk harafin da wani yaro ya karanta da yatsunsa ta dalilinka ya zama nauyi a mizaninka. Ya rufa maka asiri a can yadda ka rufa wa bayinsa a nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, wadda ta yi shekara talatin da shida tana gyara maka rubutu kana godiya. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika yi da shi, ya sa 'ya'yanki su zame miki sanyin ido. Ina yi wa 'ya'yansa huɗu ta'aziyya, da jikokinsa, da ƙannensa, da abokan aikinmu na hawa na uku. Allah ya albarkaci abin da ya bari, ya haɗa kanku. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, in tamu ta zo ta same mu mun bar wa na baya bayani. Amin.